Darar Haruffa da Kunnen Bahaushe: Nazari a kan Wasannin Kalmomi

Kwanakin baya aka gayyace ni wata kwalejin horon malamai domin in duba ayyukan ɗalibai masu shirin fita koyarwa. Cikin abin da aka ɗora musu har da shirya wasan nan da ake zana gurabe a takarda a cike su da haruffa, kalma ta ratsa kalma, wata a kwance wata a tsaye. Turawa suna da sunan da suke kiransa, ni kuwa a wannan takarda zan kira shi darar haruffa, gama gurabensa sun yi kama da na dara, kuma shi ma sai da lissafi ake cinsa. Ina cikin dubawa sai gardama ta kaure tsakanin ɗalibai biyu. Ɗaya ya sa *ƙasa* a kwance, ya ratsa ta da *kifi* a tsaye, harafin farko ya haɗa su. Ɗayan ya ce sam ba ta yiwuwa, domin ƙ dabam k dabam. Na farkon ya ce ai shi haka ya gani ana yi a jarida. Ban iya ƙaryata shi ba, gama ni ma na gani.

Wannan 'yar gardama ce ta sa na zauna na bi irin waɗannan wasanni da suka zo hannuna, na jaridu, da na mujallun makarantu, da waɗanda ake yi a wayar hannu, na gwada su da wasannin harshe da muka gada. Abin da na samu shi ne mun ɗauko wasan da aka ɗinka wa Ingilishi, muka sa wa Hausa ba tare da mun rage hannu ko mun buɗe wuya ba. Wani ya ce wasa ne, me zai sa a tsananta? To, ai yaro ya fi riƙe abin da ya koya a wajen wasa bisa ga abin da aka karanta masa a allo, malami guda kuwa da ya fita da kuskure daga kwaleji zai shuka shi a aji bayan aji har ya yi ritaya.

1. Asalin wasan

Darar haruffa ba tsohuwa ba ce ko a wurin masu ita. Wani ɗan jarida mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga ta a jaridar New York World ta Amurka ran 21 ga Disamba, 1913, jaridar The Times ta Landan kuwa ba ta karɓe ta ba sai a 1930. Daga baya aka sami Scrabble, wanda Alfred Butts ya ƙago cikin shekarun 1930, aka raɗa masa wannan suna a 1948. Mutanen ƙasarmu sun gwanance da shi ƙwarai, har Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, shi ne kuwa ɗan Afirka na farko da ya yi haka. A 2021 kuma Wordle ya fito, inda ake neman kalma mai haruffa biyar cikin gwaji shida.

Duk waɗannan wasanni a kan abu ɗaya suka dogara, watau harafi rubutacce. Babu ruwansu da yadda ake furta kalma. Wannan ya dace da Ingilishi, harshen da rubutunsa ya yi nisa da furucinsa, har gwanintar jera haruffa daidai ta zama abin gasa. Ban da haka kalmomin Ingilishi suna farawa da baƙi ko da wasali, suna kuma ƙarewa da baƙi ko da wasali, baƙaƙe kuwa suna cunkushewa yadda suka ga dama: a duba *strength*, haruffa takwas, wasali ɗaya tak. Mai shirya dara da irin waɗannan kalmomi yana da tubala iri iri. Hausa ba haka aka gina ta ba, daga nan kuwa matsalolin suka taso.

2. Aibobin darar da muke bugawa

Aibi na farko shi ne wanda ɗalibin nan ya yi, watau zubar da ƙugiya. Tun shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da ɓ, ɗ, ƙ a rubutun boko, bayan an daɗe ana nuna su da ɗigo ko da wata 'yar alama a gefe. Ba don ado aka yi ba. Su ne suke raba *kafa* da *ƙafa*, *kishi* da *ƙishi*, *baki* da *baƙi*, *bari* da *ɓari*, *daga* da *ɗaga*, *gaba* da *gaɓa*. Duk darar da ta yarda k da ƙ su zauna gurbi guda, ta koya wa yaro cewa ƙugiya wutsiya ce da ake sa wa harafi in an ga dama. A zamanin keken rubutu akwai uzuri, gama ba kowane keke ne yake da waɗannan haruffa ba. Yau kuwa da kwamfuta da wayar hannu duk ana samunsu, uzurin ya faɗi.

Aibi na biyu ya shafi baƙaƙe masu goyo da hamza. Sautin *sh* da na *ts* kowannensu baƙi guda ne, rashin harafi a abacadar Rumawa ne ya sa aka rubuta su da biyu biyu. Haka kuma *kw, ky, gw, gy, ƙw, ƙy, fy* da *'y*. Wanda ya raba *tsaki* gurbi biyar, har wata kalma ta ratso ta kan *s* ɗin, ya ƙirƙiro baƙin da babu shi a kalmar. Mai son yin irin Wordle da Hausa ma sai ya fara yanke wannan hukunci, domin *shiga* haruffa biyar ce a ido amma sauti huɗu, *gwanda* kuwa haruffa shida amma sauti biyar. Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Mutanen Wels ta Birtaniya suna sa *ll* da *dd* da *ch* kowanne a gurbi guda a darar harshensu, na Holan ma haka suke yi wa *ij*. Abin da ya fi ɓaci shi ne hamza. Al'adar darar Ingilishi ce a watsar da wannan alama, gama a wurinsu ba harafi ba ce, masu kwaikwayo kuwa sai su biyo baya su ba mu *saa* da *maana* da *jamia*, su mai da *'ya'ya* ta koma *yaya*. Alhali hamza a Hausa cikakken baƙi ce mai riƙe da gaɓarta. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke rubuta ƴ da harafi guda sun huta da rabin wannan wahala.

Aibi na uku ya fi waɗannan zurfi, kuma ba laifin mai shiryawa ba ne, na ginin harshe ne. Gaɓar Hausa siga uku gare ta: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Kowace kalma da baƙi take farawa, har waɗanda muke rubutawa da wasali a farko, irin su *ido* da *uwa*, akwai hamza a gabansu da ba a rubutawa. Galibin kalmomi kuma da wasali suke ƙarewa. To, a gwada cike gurabe huɗu a kwance huɗu a tsaye ba tare da toshe ko ɗaya ba. A sa *gari* a layin sama, a sa ta kuma a layin hagu. Tilas layi na biyu ya fara da *a*, tilas kuma ya tafi wasali, baƙi, wasali, baƙi, don kalmomin tsaye su yiwu. Ina kalmomin Hausa masu wannan siga? Sai irin su *adon* da *abin*, waɗanda ba su tsaya da ƙafarsu ba, jiran wata kalma suke yi ta cika su. Shi ya sa za a ga darar Hausa rabinta baƙaƙen gurabe ne a toshe, kalmomi suna taɓa juna a harafi ɗaya ko biyu kawai, in kuwa mai shiryawa ya matsu sai ya cusa sunan wani gari na ƙetare ko gajarcen sunan ma'aikata ya tsira.

Aibi na huɗu shi ne lamin tambayoyin. Yawancinsu ko dai ma'ana ce irin ta ƙamus, ko tambayar labarin ƙasa: babban birnin jiha kaza, dabba mai ba da madara. Wannan jarrabawa ce aka sa wa rigar wasa. Abin mamaki ne a ce mutanen da suka gaji kacici-kacici su ne suke yin tambaya ba gishiri haka.

3. Abin da muke da shi tun da

Kada mai karatu ya zaci Bahaushe sai da jarida ta zo ya san wasa da kalma. Yana da nasa, sai dai nasa na kunne ne, kuma gaɓa ce tubalinsa.

A ɗauki zaurance. Akwai irin da ake cusa wani baƙi bayan kowace gaɓa, a maimaita wasalinta, sai *zo mu tafi* ta zama *zodo mudu tadafidi*. Akwai kuma irin da ake juya gaɓoɓi, ta baya ta dawo gaba. Yarinyar da ba ta taɓa shiga aji ba tana yin wannan da gudu, ba ta kuwa taɓa tsaga *ts* ko *ƙw* gida biyu, ba ta yanka *kwalba* a wani wuri in ba tsakanin *kwal* da *ba* ba. Ashe abin da muke shan wahalar koya wa ɗaliban shekarar farko da alli da zane, ita tana da shi a baki. Masana ilmin harshe sun daɗe da gane darajar wannan shaida, har Paul Newman ya keɓe wa irin waɗannan wasanni babi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Mu kuwa sau da yawa tsawa muke daka wa yaran da muka ji suna yi, mu ce suna ɓata harshe.

Juyin gaɓa ya fi daɗi in ya haifi wata kalma mai ma'ana, Hausa kuwa cike take da irinsu: *tafi* da *fita*, *gashi* da *shiga*, *wata* da *tawa*, *nama* da *mana*, *ƙasa* da *saƙa*, *baƙi* da *ƙiba*, *tsaki* da *kitsa*, *ɗaga* da *gaɗa*, *gida* da *dagi*. A gwada wannan yalwa da abin da ake samu in an bi hanyar Turawa ta karanta kalma harafi harafi daga baya ta fito yadda take. Da ƙyar za a wuce *uku, ana, aka, idi, nan* da 'yan kaɗan irinsu, huɗun farko ma a takarda kawai suka yiwu, gama a baki da hamza suka fara, ba su kuwa ƙare da ita ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda arzikin harshen yake.

Salon magana kuma, wanda waɗansu suke kira karya-harshe, a kan sautuka masu kama da juna ake gina shi, musamman waɗannan da darar jarida take gwamutsawa. Ga wani da na shirya wa ɗalibaina: kaka ta kai koko a ƙoƙo, ƙoƙon kaka ya kife a ƙofa. Wanda ya faɗi wannan sau biyar da sauri bai yi tuntuɓe ba, ba zai sake sa k da ƙ a gurbi guda ba.

Wasan harafi tsantsa ma muna da shi, amma a zauren malamai yake, cikin ajami. Kowane harafin Larabci yana da adadi bisa jerin abajada, da shi kuma mawallafa waƙoƙi suke ƙulla ramzi, watau su dunƙule shekarar da suka gama waƙa cikin kalma guda a baitocin ƙarshe. Lissafin da malamanmu suka bi na Magariba ne, inda shin take 1000. Saboda haka mai son ƙulla 1232, shekarar Hijira da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu, wadda ta yi daidai da 1817, sai ya tara shin 1000, ra 200, lam 30, ba 2, ya jera su yadda za su faɗu a baki su kuma zauna a ma'aunin waƙa. Wanda ya warware da lissafin Gabas, inda shin take 300, sai ya sami 532, ya yi kuskuren shekara 700 cif. Akwai kuma ɓoye magana a farkon baitoci, kamar yadda Nana Asma'u ta yi a wata waƙarta ta Fulatanci, wadda in an tara haruffan farkon baitocinta za a sami wata aya ta surar Alam Nashrah. Hatta zanen gurabe a cike su da haruffa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin hatimi mai gida tara, wanda kowane layinsa, a kwance ko a tsaye ko a karkace, yake tara 15. Manufar hatimi dabam ce, ba wasa ba ne a wurin masu shi, na kawo shi ne kawai don a ga idon mutanenmu ya saba da wannan siga tun kafin 1913.

4. Gyaran da nake gani

Shawarata ta farko ita ce a gwada darar gaɓoɓi, watau kowane gurbi ya ɗauki gaɓa guda. Mutanen Japan haka suke yi, gama rubutunsu na kana kowace alama kusan gaɓa ce. Da zarar an yi haka, matsalar layi mai farawa da wasali ta kau, baƙi mai goyo ya zauna da goyonsa, hamza ta sami mazauni. Ga misali mai gurbi tara, babu ko ɗaya a toshe:

ta | ka | ra
ka | ra | ga
ra | ga | ma

A karanta a kwance ko a tsaye, abu ɗaya za a samu: *takara, karaga, ragama*. Mai lura zai ga har labari suka ba da, gama sai an yi takara ake hawa karaga, sai an hau kuma ake riƙe ragama. Ban daɗe ina nema ba na same su, alhali na ɓata maraice guda ina neman cike gurbi goma sha shida da haruffa ban gama ba.

Na san za a ce mini yaro yana bukatar sanin haruffa ɗai ɗai don ya iya rubutu, darar gaɓoɓi kuwa ba za ta ba shi wannan ba. Akwai gaskiya a ciki, ban kuwa ce a yar da darar haruffa ba. Abin da na ce shi ne in za a yi ta, a yi ta bisa sharaɗi uku: harafi mai ƙugiya kada ya haɗa gurbi da marar ƙugiya, baƙi mai goyo gurbi guda, hamza ta tsakiyar kalma ita ma gurbi guda. A rubuta waɗannan sharuɗɗa a ƙarƙashin kowace dara har mutane su saba.

Za a kuma ce ko darar gaɓoɓin ba ta cika biyan kunne ba, tun da boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Wannan ma gaskiya ne. In aka juya *ɗaki*, ido zai ga *kiɗa*, amma kunne zai ji wasalin farko ya yi tsawon da na *kiɗa* ba shi da shi. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun nuna tsawo da kari da alamomi, rubutun yau da kullum kuwa bai ɗauka ba, ba na kuma ganin zai ɗauka. Sai dai ni a ganina wannan giɓi riba ce ga mai shirya tambaya in ya san abin da yake yi. Kalmar *fari* a takarda guda ce, a baki kuwa aƙalla huɗu ce: launi da rashin ruwan sama, masu gajeren wasali a farko, sai farkon abu da jam'in fara, masu dogo. Haka *baba*, haka *kuka*, haka *wuya*. Mai dara yana iya ɗaure ma'ana biyu a tambaya guda irin ta kacici-kacici, mai amsawa kuwa ba zai kuɓuta ba sai ya furta kalmar iri biyu a ransa. Ga uku da na gwada a aji. Sarki ya mallake shi, mai tuwo ta tankaɗe shi: *gari*. Jariri yana yi, uwarsa tana kaɗa miya da ita: *kuka*. Na raƙumin dawa dogo ne, ta talaka kullum ce: *wuya*. A biyun ƙarshe jinsi ma ya shiga wasan, domin kukan jariri da wuyan raƙumi maza ne, kukar miya da wuyar rayuwa mata. Ɗalibin da ya warware waɗannan ya yi darasin kari da na jinsi bai sani ba, kuma na ga waɗanda ba su cika magana a aji ba suna tsalle su amsa.

Daga nan sai a ɗauko sauran al'adar kacici-kacici a haɗa. Wanda ya kasa amsa, a da gari yake bayarwa kafin a faɗa masa, mai tambaya kuwa yana iya ƙin ƙaramin gari ya ce sai babba. Babu abin da zai hana malami ya raya wannan a aji, ya kuwa fi maki goma bisa goma sa yara himma.

Ga malaman kwalejojin horo, roƙona shi ne kafin a sa ɗalibi ya zana gurabe, a sa shi ya koma unguwarsu ya rubuto irin zaurancen da ake yi a can, ya bayyana ƙa'idarsa da kansa, ya faɗi abin da ake yi wa dogon wasali da gaɓa mai ƙarewa da baƙi. Zaurancen Kano ba lalle ne ya zama ɗaya da na Sakkwato ko na Damagaram ba, tara su wuri guda kuwa aiki ne da zai amfani masu nazarin karin harshe. Sa'an nan a sa shi ya tara kalmomi masu juyuwa, ya shirya darar gaɓoɓi guda, ya ƙulla mata tambayoyi masu harshen damo. In ya iya wannan, darar haruffa ba za ta gagare shi ba, kuma zai yi ta da sanin inda take cutar harshe.

Ɗaliban nan biyu kuwa, da na tambaye su wace kalma za ta iya ratsa *ƙasa* a harafin farko in an cire *kifi*, wanda ya yi kuskuren ne ya riga ɗan'uwansa cewa *ƙofa*. Ina fata waɗanda suka fi ni daɗewa a wannan fage za su duba abin da na kawo, su gyara inda na karkace, musamman wajen ramzi, inda malaman zaure suka fi mu sani nesa ba kusa ba. Allah ya sa mu dace.